Kurakuran da aka fi yi wajen maganin kumburi

Da ƙafa ta kumbura, mutanenmu a nan Bauchi sai a nufi kemis a ce "a ba ni na kumburi". Kuskuren farko ke nan, domin kumburi iri-iri ne. Danna babban yatsa a ƙwauri, ka ɗan jima, ka ɗaga. In wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, kuma ƙafa biyun ne, ba zafi ba ja, ruwa ne ya taru. Sau da yawa daga zuciya ne, ko ƙoda, ko hantar da ta gaza samar da albumin, sinadarin da ke riƙe ruwa cikin jijiya. Mai wannan hali in ya sha diklofenak, maganin ciwo da kumburi, ƙodarsa takan ƙara riƙe gishiri da ruwa, abin ya ci gaba. Gwajin jini da fitsari yake bukata.

Wasu kuma sukan daina shan ruwa, har a zafin watan Afrilu. Ai ƙoda ba ta yarda. A jikin ƙwayoyin halittarta akwai ƙofofin ruwa, akwaforin, waɗanda binciken Peter Agre a kansu ya jawo masa kyautar Nobel a 2003. Da jiki ya ji ƙishi, sai sinadarin basofiresin ya ƙara yawansu, ruwan ya koma cikin jini maimakon ya fita a fitsari. Gishiri da dunƙulen miya ya kamata a rage; iyakance ruwa kuwa sai likita ya faɗa.

Wanda ya fi damuna shi ne maganin deksametason, wato deksa. Kumburin da ke zuwa da zafi da raɗaɗi faɗa ne jiki yake yi: wani furotin mai suna NF-kB yana shiga cibiyar ƙwayar halitta ya tayar da ƙwayoyin gado masu kiran dakarun jini, ƙananan jijiyoyi su saki, ruwa ya tsattsafo. Deksa can cibiyar take zuwa ta danne wannan kira. Kumburin ya sauka, amma in ƙwayar cuta ce ta jawo shi, tana nan tana yaɗuwa. 'Yan matan da ke shanta don ƙiba, kumatun da suke gani kitse ne ya sauya mazauni, ga sukari da hawan jini a tafe. Wanda ya yi makonni yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin mai aiki irin na deksa. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.

Mai ciki kuwa, in fuska da hannu suka kumbura, ga ciwon kai ko dishi-dishin gani, a kai ta asibiti a ranar, a auna hawan jininta kafin jijjiga ta zo.