Yadda Ake Tantance Tayin Fasahar AI Daga Ƙetare Kafin Jami'a Ta Sa Hannu

Tayin yakan zo da fuska mai kyau. Wani kamfani, ko ofishin jakadancin wata babbar ƙasa, zai ce zai ba jami'a ko ma'aikatar ilimi manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, kyauta na wasu shekaru, haɗe da horar da malamai da guraben karatu. Karɓa ba laifi ba ne. Sai dai ƙasashe sun daɗe suna neman faɗa a ji ta hanyar ilimi: an kafa cibiyar Alliance Française ta Faransa a 1883, British Council ta Birtaniya a 1934, shirin Fulbright na Amurka a 1946, Sin kuma ta buɗe cibiyoyin Confucius tun daga 2004. Waɗancan harshe da littafi suke kawowa. Na yanzu na'ura ce da za ta riƙe bayanan ɗalibai, ta duba aikinsu, ta kuma amsa musu tambaya. Saboda haka aikin kwamitin tantancewa shi ne ya gano wanda mabuɗin zai zauna a hannunsa bayan an sa hannu.

Ku fara da bin saiwar abin

Kafin ku kalli kyawun manhajar, ku nemi mai tayin ya rubuta muku amsar tambayoyi huɗu: wane samfurin AI ne a ƙarƙashin manhajar (wato ƙwaƙwalwar da aka horar da tarin rubuce-rubuce, wadda ke samar da amsoshin), wane kamfani ya mallake shi, a cibiyar bayanai ta wace ƙasa yake aiki, kuma a kan wane irin cip, wato ɗan guntun lantarkin da ke yin lissafi a cikin kwamfuta. Sau da yawa za ku tarar kamfanin da ya zo muku dillali ne kawai, hayar samfurin wani yake yi.

Maganar cip ba ƙarama ba ce. Cip ɗin da ake horar da manyan samfura da shi mafi yawa Nvidia ta Amurka ce ke zana shi, TSMC ta Taiwan ta ƙera, da injinan da ASML ta ƙasar Holan kaɗai ke yi. A ranar 7 ga Oktoban 2022 Amurka ta taƙaita sayar wa Sin manyan cip na Nvidia irin su A100 da H100. Nvidia ta fito da A800 da H800 masu ragin ƙarfi, aka sake toshe su a Oktoban 2023. Sin ma ta rama da sa takunkumi kan fitar da ma'adinan galiyam da jamaniyam daga Agustan 2023. A Janairun 2025 Amurka ta fitar da wata ƙa'ida da ta raba ƙasashen duniya rukuni uku wajen samun cip, aka soke ta a Mayun shekarar. Wato cikin wata huɗu dokar ta juya. Duk yarjejeniyar da ba ta faɗi abin da zai faru ba idan dokar fitar da kaya ta hana kamfanin ci gaba da yi muku hidima, to ramin nan ku za ku faɗa.

Dokar wa ce ke kan bayanan

A nan aka fi yin tuntuɓe, domin mutane kan tsaya a tambayar inda aka ajiye bayanai. Wurin ajiya rabin magana ne. Dokar CLOUD ta Amurka ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar damar tilasta wa kamfanin da ke ƙarƙashin dokarsu ya miƙa bayanan da ke hannunsa, ko da a wata nahiya aka ajiye su. Dokar leƙen asiri ta Sin ta 2017, a sashe na 7, ta wajabta wa kamfanoni da 'yan ƙasa su ba hukumomin leƙen asiri haɗin kai. Don haka ko an gina cibiyar bayanai a cikin harabar jami'arku, sai kun tambayi wanda ke riƙe da mabuɗin ɓoye bayanan. Idan kamfanin ne, to ginin kawai ke wurinku.

Ku sa lauyan jami'a ya nemo waɗannan a rubuce, ba da fatar baki ba. Ba za a horar da samfuri da rubutun ɗalibai ko binciken malamai ba sai da izini na daban. Za a lissafa duk ƙananan kamfanonin da bayanan za su ratsa ta hannunsu. Za a sanar da ku idan an yi kutse, kuma awa 72 da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta gindaya ma'auni ne mai kyau da za ku ara. Sannan a ƙayyade ranar goge komai bayan yarjejeniya ta ƙare. Ku kula da jimlar nan mai santsi da ke cewa za a yi amfani da bayanai "don inganta hidima". Ƙofar da ake shigo da horar da samfuri ke nan.

Idan ƙasarku ba ta da cikakkiyar doka, akwai abin jingina. Dokar AI ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki 1 ga Agustan 2024, ta sa manhajojin da ke zaɓen ɗalibai, da ba da maki, da sa ido a ɗakin jarrabawa cikin rukunin masu babban haɗari, ta kuma haramta na'urar karanta yanayin zuciyar ɗalibi a makaranta, sai don dalilin lafiya ko tsaro. Abin da kamfani ba zai iya sayarwa a Turai ba, babu dalilin ya kawo muku shi da sunan kyauta. UNESCO ma, a jagorar da ta fitar a Satumban 2023, ta ba da shawarar kada yaro ɗan ƙasa da shekara 13 ya riƙa amfani da manhajojin AI masu amsa tambaya da ƙirƙirar rubutu shi kaɗai.

Gwaji da kayanku, ba da nasu ba

Kada ku yarda da gwajin da mai tayi ya shirya ya nuna a majigi. Ku ɗebo tambayoyi kamar 200 daga tsofaffin jarrabawoyinku, a fannoni huɗu ko biyar, rabi da harshen koyarwa, rabi da harsunan da ɗalibai ke magana da su a gida. A ba samfura biyu ko uku tambayoyin iri ɗaya, a cire sunayensu daga amsoshin, malamai biyu su duba kowace amsa ba tare da sun ga makin juna ba. Abin da za ku ƙirga uku ne: amsa daidai, amsa kuskure, da amsar da aka ƙaga da ƙarfin hali, irin mai kawo sunan littafi ko doka da babu su. Ta ukun ta fi haɗari, domin ɗalibi ba ya gane ta.

Ku ware tambayoyi kamar 20 kan tarihi da siyasa: mulkin mallaka, rikicin kan iyaka, tarihin ƙasar da ta ƙera samfurin. Ƙa'idojin da Sin ta fara aiwatarwa a Agustan 2023 sun buƙaci manhajojin AI da ke hidima ga jama'arta su bi aƙidun gurguzu na ƙasar, shi ya sa samfuran can kan kauce wa batu irin na murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen na birnin Beijing a 1989. Na Amurka kuwa karkatarsu ta wata hanya take zuwa: mafi yawan rubutun da suka koya da shi na Ingilishi ne, sai su ɗauki mahangar masu wannan harshe a matsayin ta kowa. Kowanne da irin gurguncinsa, ku dai ku san wanda kuka ɗauko.

Akwai kuma ɗan gwaji na minti goma da ke tona asirin kuɗi. Kamfanoni da yawa ba da kalma suke caji ba, da guntayen kalma ne da ake kira tokin. Ku ɗauki sakin layi ɗaya da fassararsa, ku sa a ma'aunin tokin na kamfanin. Harshen da ba shi da yawan rubutu a intanet yakan farfashe zuwa guntaye da yawa, ma'ana ɗaya amma kuɗi ya fi. Da wannan adadin za ku lissafa kuɗin shekarar farko bayan kyauta ta ƙare, ku kuma nemi a rubuta iyakar ƙarin farashi tun yanzu.

Ƙofar fita

Ku nemi a ba ku damar kwashe darussa, maki da tarihin aikin ɗalibai a tsarin fayil da kowace manhaja ke iya buɗewa, kuma ku gwada kwashewar sau ɗaya kafin sa hannu. Alkawarin da ba a gwada ba yakan zama fayil ɗin da ba ya buɗuwa.

Yana da kyau kuma ku san nauyin tsayawa da ƙafarku, ko don ƙarfin ciniki. Akwai samfuran da ake saukewa a ɗora a kan na'urar gida. Lissafin mai sauƙi ne: ana auna girman samfuri da yawan lambobin da ya koya, waɗanda ake kira ma'auni, kowane ma'auni kuma yana cin bait 2, wato bit 16, idan ba a matse shi ba, don haka samfuri mai ma'auni biliyan 8 yana son kusan gigabait 16 na ƙwaƙwalwar katin GPU (katin da ke ɗauke da cip ɗin), idan aka matse shi zuwa bit 4 ya dawo wajen gigabait 5. Mai biliyan 70 yana son kusan gigabait 140, wato aƙalla katin H100 biyu masu gigabait 80 kowanne. Kati ɗaya na iya jan wat 700, na'ura mai kati takwas kuwa ta kai kilowat 10, ban da sanyaya ɗaki. Abin da ya fi kashe irin wannan shiri ba sayen na'ura ba ne, rashin tsayayyar wuta ne da tafiyar injiniya ɗaya tilo da ya san kanta.

Ku karanta lasisi da kyau. DeepSeek ta ƙasar Sin ta saki samfurinta R1 a Janairun 2025 da lasisin MIT mai sassauci, wanda ke barin kowa ya yi amfani da shi ya kuma gyara shi, Llama na kamfanin Meta kuwa yana da nasa sharuɗɗan duk da ana kiransa buɗaɗɗe. Kuma amfani da manhajar DeepSeek ta waya daban, ɗora samfurin a na'urarku daban: a na farko bayanai na tafiya wurin kamfanin, a na biyu ba sa fita daga ɗakin.

Idan tayin ya haɗa da binciken haɗin gwiwa, ku tambayi wanda zai mallaki abin da aka gano, da tsawon lokacin da abokin hulɗa zai iya jinkirta wallafawa, da ko ɗalibanku za su samu shiga ɗakin gwajin. A dokar Amurka, nuna wa ɗan wata ƙasa fasahar da aka taƙaita, ko da a cikin Amurkan ne, ana ɗaukarsa tamkar fitar da ita waje, Birtaniya kuma tana neman takardar ATAS, wato izinin tantancewar tsaro, ga ɗaliban wasu ƙasashe a wasu fannonin kimiyya. Ku nemi jerin fannonin da abin ya shafa kafin ku zaɓi waɗanda za ku tura.