Darasi na 9: Roƙo uku da muka haddace tun muna yara

Toh iyayenmu mata da maza, yau kowa ya ɗauko Littafi Mai Tsarki nasa, wanda bai zo da shi ba ya matsa kusa da maƙwabcinsa. Abin da za mu karanta yau ba baƙo bane, kun san shi da ka tun kafin a haifi wasunmu, wato Addu'ar Ubangiji. Bambancin kawai shine yau ido ne zai gani, ba kunne kaɗai ba. Shi yasa na zaɓe ta, dan idan baki ya riga ya san magana, ido baya shan wahala wajen gane ta a takarda.

Ga abin da na rubuta a allo: Matiyu 6:11-13. Lambar farko sura ce, na bayan ɗigo biyun nan kuma ayoyi ne, daga 11 zuwa 13. Matiyu shine littafi na farko a Sabon Alkawari, surori 28 gare shi, kar ku fara nema daga Farawa kuna juya shafi ɗaya ɗaya har rana ta faɗi, ku buɗe can wajen kashi uku cikin huɗu na littafin. Babbar lamba sura, ƙananan da ke cikin rubutu ayoyi. Wanda ya samu ya ɗora yatsa a kai ya jira sauran.

Aya 11 roƙon abinci ce. Wasu fassarar sun ce abincin yini, wasu abincin yau da kullum, kar wannan ya ruɗa ku. Ku lura dai Yesu bai ce mu roƙi buhu goma na masara a ɗaki ba, na yau ya ce. Ku tuna Isra'ilawa a jeji, Fitowa sura 16, manna, abincin da Allah ya basu, tana sauka kowace safiya kowa ya tara daidai cikinsa, waɗanda suka yi wayo suka ɓoye na gobe sai suka tashi suka tarar ta yi tsutsa tana wari, sai ran shida kaɗai aka yarda a tara na kwana biyu saboda Asabar. Ni gaskiya wannan ayar tana min nauyi, musamman lokacin biyan kuɗin makaranta, ko in ka ga maƙwabci ya kafa sabon kwano a rufinsa kai naka yana yoyo kana tara bokiti. Wadar zuci ba wai ka naɗe hannu bane, gona dai sai an je, kasuwa sai an fita. Abin da take hanawa shine ka ci tuwonka kana leƙen tukunyar wani har naka ya daina maka daɗi. Bulus da ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali, a kurkuku yake fa lokacin, kuma ku duba kalmar da ya yi amfani da ita a 4:11, koya. Kaman yadda kuke koyon a ba ca da yanzu, shima koya ya yi, ba da ita aka haife shi ba.

Yanzu aya 12, nan za mu ɗan daɗe. Muna roƙon Allah ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi. Wannan "kamar yadda" ɗin, ku ja masa layi da fensir. Muna faɗinsa da gudu kowace Lahadi bama jin abin da bakinmu yake ɗaure mu da shi.

Akwai wata mama da ta taɓa zama a ajin nan, mai tuyar ƙosai ce a bakin hanya, kafin ta iya rubutu da gawayi take jan layi a bangon kicin, kowane mai bashi da nasa gefen. Da ta iya rubutu ta sayi ƙaramin littafi, sai ta zo tana nuna min da murna. Ina dubawa na ga sunan matar ƙanin mijinta a shafin farko, bashin kuwa tun na wani biki ne da yaran da aka haifa lokacin har sun shiga firamare, kuma tun ranan ko gaisuwa basa yi, alhali benci ɗaya suke zama a Zumuntar Mata. Ban ce mata komi ba. Da muka karanta Matiyu 18 a aji, labarin bawan nan da sarki ya yafe masa talanti 10,000 (talanti babban ma'aunin kuɗi ne) amma ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa bawa akan dinari 100, shiru ta yi. Dinari ɗaya ladan aikin yini ɗaya ne a lokacin, kenan bashin ɗan'uwan ba wasa bane, aikin kwana ɗari ne, sai dai in ka ajiye shi kusa da wancan ko ƙura bai kai ba. Sati na gaba ta kawo littafin, ta ja layi akan sunan da biro har takardar ta huje.

Ga lissafi a nan kuma. Bitrus ya tambaya ko yafe wa ɗan'uwa sau 7 ya isa, Yesu ya ce bakwai har sau saba'in. Ku rubuta 70 × 7 a littafinku ku fitar da amsa. Wanda ya samu 490 ya yi daidai, amma dan Allah kar wani ya je gida ya fara ƙirga wa matarsa. Namu zunubin kuma, 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta, shi mai aminci ne zai gafarta ya kuma tsarkake mu. Furtawa ake so, ba kwana-kwana ba.

Aya 13 roƙon tsari ce, a cece mu daga Mugun. Ku buɗe tsakiyar littafin, galibi Zabura za ku faɗa, ku nemi ta 121, ayoyi 8 ne kacal. Ta ce mai tsaronka baya gyangyaɗi baya barci. Abu ɗaya zan ja kunne akai, Littafi Mai Tsarki ba laya bane, sa shi ƙarƙashin filo ba tare da an buɗe ba baya korar komi. Ki kulle ƙofarki, ki sa yara cikin gidan sauro, ki yi addu'a, sannan ki kwanta ki bar wa wanda baya barci gadin.

Aikin gida: ku kwafi Matiyu 6:11-13 sau biyu da hannunku. Ku lura da ƙugiyar ƙ da ɗ cikin waɗannan: roƙo, ƙoshi, waɗanda, ɗan'uwa. A shafi na gaba ku rubuta abu uku da Allah ya baku yau, ko da kunu ne da lafiyar ƙafa. A ƙasa kuma sunan mutum ɗaya da kuke riƙe da shi a zuciya, wannan ba sai kun nuna min ba, ku naɗe gefen shafin. Ran Laraba da ƙarfe 4 kowa zai tashi ya karanta Zabura 121 aya ɗaya ɗaya, masu tabarau kar ku manta da shi a gida.