Darasi na 7: Kajin gida da haƙƙin maƙwabta

Da wuya ka shiga gida a Sakkwato, ko a Mabera ko Runjin Sambo ko ƙauyukan bakin gulbi, ka rasa kaza tana tono a tsakar gida. Kaza asusun mace ce. Idan yaro ya kwanta rashin lafiya, a kama zakara a kai kasuwa. Idan baƙo ya sauka, a yanka. Amma mai kaji goma a watan Oktoba kan wayi gari a watan Janairu da biyu, ko babu ko ɗaya. Wannan darasi zai nuna abin da ke kawo haka, da abin da unguwa da hukuma ke nema daga mai kiwo.

Wurin kwana

Ki fara da akurki. Na laka ko na katako da waya duk ɗaya ne, muddin iska na shiga, ruwan sama ba ya shiga, kuma ƙofar na rufuwa da dare. Muzuru da gafiya da maciji da dare suke aiki. Kada a kwana da kaji a ɗakin da yara ke barci, kada kuma a sa akurki jikin madafa ko bakin rijiya. A share kashin aƙalla sau ɗaya a mako, a barbaɗa toka don ƙuma. Kashin nan ba shara ba ne. Masu noman albasa da tumatir a fadama suna neman sa, don haka ki tara shi a buhu a wuri busasshe.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce maki 40. Kaza ba ta gumi, shi ya sa za ki gan ta ta buɗe baki ta saki fukafukai. A lokacin nan inuwa da ruwa sun fi tsaba muhimmanci. A canza ruwan kasko safe da rana, a ajiye shi ƙarƙashin rumfa. Abinci kuwa, dusa da tsakin gero ko dawa sun isa riƙe rai, amma ƙwai da girma suna son ƙari: garin ƙuli-ƙuli kaɗan, ganye, da gara ga 'yan tsaki.

Kazar Hausa kan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta a kai. Kwana 21 take ƙyanƙyasa. Ƙwan zabo, idan an sa mata, yana kai kwana 26 zuwa 28. A makonnin farko ki kife 'yan tsaki da uwarsu cikin babban kwando mai rami-rami, saboda shaho.

Annobar hunturu

Nan ne kaji suka fi ƙarewa. Da iskar hunturu ta fara, sai a ga kaza ta takure tana gyangyaɗi, tana zawo kore, tana numfashi da ƙyar. Wata wuyanta ya murɗe. Cikin mako guda akurki ya zama wayam. Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta Niyukasil. Ba sanyi ne ke kawo ta ba, ƙwayar cuta ce da ke bin kashi da majina da ruwan sha, har da takalmin mutum da kejin ɗan kasuwa.

Wata mata ta sayo zakara mai kyau da araha, ta sake shi cikin kajinta a ranar. Bayan kwana biyar maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga.

"Yaya, mi ya samu kajinki? Nawa ma biyu sun kwana ba su ci ba."

"Wallahi Inna, tun da na kawo zakaran ga. Na jiƙa musu barkono, na fasa musu kafso ja da rawaya, ba su tashi ba."

Kafson nan da ake yawan fasawa a ruwa ba ya kashe wannan cuta, barkono ma haka. Ba ta da magani idan ta kama, sai dai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana yin magungunan rigakafinta. Akwai Lasota, akwai kuma I-2, wanda ya fi jure zafi kuma ana ɗiga shi ɗigo ɗaya a idon kowace kaza. Ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin hunturu ya shigo. Lafiyayyar kaza ake yi wa. Kwalba ɗaya tana isar kaji masu yawa, kuma idan an haɗa ta da ruwa ba a ajiye ta har zuwa gobe. Saboda haka ya fi sauƙi gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi, su kira ma'aikacin lafiyar dabbobi rana ɗaya. Dama kajin unguwa kasko ɗaya suke sha, wanda ya yi rigakafi shi kaɗai bai gama tsira ba. Ana samun shawara a asibitin dabbobi na gwamnati, da asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kuskuren matar nan na farko shi ne sakin baƙon zakara. Duk kazar da ta fito daga kasuwa, ko aka ba ki kyauta, a ware ta mako biyu tukuna.

Abin da doka da unguwa ke nema

Mai kaji kaɗan a gida ba kamar mai gonar kaji yake ba, amma akwai abin da ya hau kansa. Ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma suna da ikon shiga gida su duba tsabta. Wari, tarin kashi da ke jawo ƙuda, da zuba ƙazantar akurki a kwata, duk suna cikin abin da za su yi magana a kai. Idan gidan haya ne, a nemi yardar mai gida da sauran 'yan haya kafin a kafa akurki.

Mushen kaza ba a jefa shi a bola ko bayan katanga, inda kare da ungulu za su ja shi zuwa wani gida. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne, a wanke hannu da sabulu. Kada a yi saurin yanka mara lafiya a kai kasuwa. Wannan sayar wa ɗan'uwa annoba ne, ga shi addini ya ce babu cuta babu cutarwa.

Idan kaji suka riƙa faɗuwa farat ɗaya, kai ya kumbura, jan tsoron kansu ya yi baƙi-baƙi, yana iya zama murar tsuntsaye. An fara gano ta a Najeriya a watan Fabrairu 2006, a Jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum. Dokar ƙasa ta ce a kai rahoton irin wannan. A hana yara taɓa su, kada a fitar da ko ɗaya daga gida, a sanar da ofishin lafiyar dabbobi ko mai unguwa.

Sai rigimar yau da kullum: kaza ta ci geron da aka shanya, ta tone shukar maƙwabci. Da damina, lokacin shuka, a tsare kaji. Idan ɓarna ta auku, mai kaza ya je ya ba da haƙuri ya biya abin da ya sawwaƙa, kafin magana ta kai gaban mai unguwa.

Aiki

Kaza ta kwanta a kan ƙwai ranar 1 ga Nuwamba. Rubuta ranar da za ta ƙyanƙyashe.

An sa mata ƙwai 12, biyu sun lalace, sauran sun ƙyanƙyashe, shaho ya ɗauki 'yan tsaki uku. Nawa suka rage?

Ƙirga kajin gidanku da na gidaje huɗu na kusa, ki rubuta jimillar a littafinki, ki zo da ita aji mako mai zuwa.