Kurakuran da Masu Son Rage Ƙiba Suka Fi Yi a Sakkwato, da Yadda Za a Gyara

Duk wanda ya ɗaura niyyar rage ƙiba a garin nan, tuwo yake fara ɗora wa laifi. Sai ka ji magidanci yana ƙorafi a majalisa: "Ni hwa na bar cin tuwon dare, hura kaɗai nika sha, amma tumbin ga ya ƙi sauka." Ka tambaye shi girman ƙwaryar da yawan sukarin da ake zubawa, sai ya yi dariya ya kawo wata magana. To nan babban kuskuren yake, kuma a kansa zan fi daɗewa: akwai abubuwa da yawa da muke ɗura wa ciki ba mu lissafa su cikin abinci, don kawai kurɓa ake yi ba tauna ba.

Fura abinci ce cikakkiya. Geron da ake tuƙa tuwo da shi ne aka daka aka dafa, aka haɗa da nono, aka bi da sukari. Wanda ya ci shinkafa da miya bayan Azahar, ya kora da ƙwaryar fura, ya ci abincin rana biyu a zama ɗaya. Ba wanda zai raba Basakkwace da fura, ni ma ban ce a yi ba. A dai ba ta matsayinta: ranar da za ka sha ta da rana, ita ce abincin ranarka. A dama da tsala maimakon kindirmo mai maiƙo, a riƙa rage sukarin kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Cikin 'yan makonni za ka ji ɗanɗanon citta da kanumfarin da sukari ya daɗe yana danne maka.

Lemon kwalba ya fi fura ɓarna, don shi ko ƙoshi ba ya sa wa. Yawancinsu suna ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100, ke nan robar rabin lita tana da wajen giram 50, kimanin cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, da mutum ke samu a yini. Ga baligi matsakaici, wannan wajen giram 50 ne, kuma ta ce in an tsaya a rabin haka ya fi. Roba ɗaya ta cinye rabon yinin gaba ɗaya. Yanzu ka tuna watan Afrilu a Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, mutum ya shanye biyu ko uku kafin Magariba yana cewa ƙishirwa ce. Ƙishirwa ruwa take so. Su lemon kwali da na malt duk jirgi ɗaya ya kwaso su, haka zoɓo da kunun aya na sayarwa, waɗanda mutane ke gudu wurinsu da sunan na gida ne. Zoɓo ba shi da aibu, sukarin da aka narka a ciki ne matsalar. In a gida aka dafa, ke uwargida ke da iko da cokalin.

Teburin mai shayi kuma sai a hankali. Ka tsaya wata safiya ka ƙirga cokalin sukarin da ke shiga kofi ɗaya, bayan madarar gwangwani, ga burodi an shafe shi da bota, ga ƙwai yana iyo cikin mai. Ka ce masa cokali ɗaya, ka kuma tsaya kana kallo, don hannunsa ya riga ya saba.

Bayan sukari, mai ne ɓarawo na biyu. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali na sitacin da ke cikin hatsi, ko na furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama, 4 yake bayarwa. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, ko manja, ko man shanu, wajen kalori 120 ne. A gidajenmu kuwa ba a auna mai, tuttulawa ake yi daga galan sai an ga ya taso saman miya, a ce ta yi kyau. Malmalar tuwon da ake zargi, sau da yawa man da aka malala mata ne ya ninka nauyinta. A koma auna mai da cokali. Waken da ake soya ƙosai da shi, shi ne na alala da dafaffen wake, bambancin kaskon suya ne kawai. Masa, awara, soyayyen dankali, su zama na marmari. In nama ake so, gasasshe ya fi, a ce wa mai balangu ya rage kitsen da yake yanko wa a matsayin gyara.

Sai masu horar da kansu da yunwa. Ba karin kumallo, ba abincin rana, sai goro da ruwa, da dare kuma a zauna a rama duka har da riba. Wanda ya fi ƙarfin hali ya yi kwana goma a haka, jiri ya fara ɗibarsa a kasuwa, ya watsar, ƙibar ta dawo da 'yan rakiya. Irin wannan rama ta gaggawa ba kitse kaɗai take ci ba, har da tsoka, ita kuwa tsoka ita ke taimaka wa jiki ƙona abin da aka ci. Watan azumi ma ya isa misali: mutum ya yini bai sa komai a baki ba har kwana 29 ko 30, amma ranar Sallah rigar bara ta matse shi, saboda abin da ke faruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. Masu azumin Litinin da Alhamis da ke fatan samun lada da sauƙin jiki tare, su lura da wannan.

Abin da ya fi ɗorewa shi ne a ci, amma a sauya fasalin kwanon. Rabinsa ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwata tuwo ko shinkafa. Wannan bai fi ƙarfin talaka ba a ƙasar da ke da fadama. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kabewa, kuɓewa, da rani kuma ga kabeji da latas da karas da tumatir da albasa sun cika kasuwa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da muke rainawa a matsayin abincin ƙauye ya fi yawancin abin da ake tallatawa a waya da sunan abincin rage ƙiba, in dai ba a cika masa mai ba. Inda ake haɗuwa a tire ɗaya, da wuya mutum ya san iya abin da ya ci, ga kuma saurin kada a bar shi a baya. Ka shata gabanka tun farko, ka ci a natse. Hadisin da ya raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, kowa ya haddace shi. Aiki da shi a gidan biki ne ke gagara.

Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp da bayan mota da lasifika, da yawansu filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da yawan fitsari. Sikeli zai nuna ka sauka, amma ruwan jikinka ne ya tafi, kuma zai dawo da ka sha ruwa. A zafin garin nan, wasa da ruwan jiki wasa da ƙoda ne. Ɗamarar matse ciki ba ta narkar da kitse, haka ruwan zafi da lemun tsami.

Wajen motsa jiki, kuskuren da na fi gani shi ne auna nasara da gumi. Matashi ya sa rigar leda ya fita gudu rana tsaka, ya dawo sharkaf yana murna kitse ya narke. Gumi ruwa ne da gishiri, kuma haka ake faɗuwa a titi. Lokacin fita a Sakkwato bayan sallar Asuba ne, ko gab da Magariba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga baligi shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato minti 30 sau biyar, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Matsakaici na nufin tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga, amma kana iya magana. Ba dole sai ka je filin wasa na Giginya ba. Kabu-kabun da kake hawa daga gida zuwa bakin titi, tafiyar da ba ta kai minti goma ba, shi za ka fara sallama. Matan da ba su cika fita ba, tsakar gida ta isa: zagaye da sauri, tsallen igiya ga wadda gwiwarta ke lafiya, tashi da zama daga kujera sau goma-goma.

Sai dai kada a ruɗi kai. Tafiyar minti 30 da sauri wajen kalori 150 take ƙonawa, robar lemo guda kuwa ta kai 200. Wanda ya dawo daga zagaye ya saka wa kansa da lemo mai sanyi, ya ci bashi ne bai biya ba. Atisayen ciki kuma yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen tumbi ya cire. Jiki ne ke sauke kitse daga ko'ina, a tsarin da ya ga dama.

Hawa sikeli kullum ma yana karya gwiwa a banza, don nauyi na hawa da sauka da kilo guda ko fiye saboda ruwa da gishiri da abin da ke ciki. Sau ɗaya a mako, da safe, ya wadatar. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da likitoci suka yarda da shi. Mai kilo 100 da ya sauke 5 zuwa 10 ya riga ya taimaki hawan jininsa da sukarin jininsa, ko da maƙwabta ba su lura ba. Ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai cibiya ko sama da ita kaɗan: ana so awon ya gaza rabin tsawonka. A kuma nemi barcin awa bakwai, don mai kwana kan waya yunwa ta fi damunsa washegari.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin, kada ya rage abinci da kansa, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Shi da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko gyambon ciki, da mai juna biyu, da mai shayarwa, su fara ganin likita, ko a Asibitin Ƙwararru, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko asibitin da ya fi kusa. Wanda kuma ya ga yana ramewa alhali bai sauya komai a cinsa ba, musamman in da yawan fitsari da ƙishirwa, ko tarin da ya wuce mako biyu, kada ya tsaya karɓar barka. Ya je a gwada jininsa da majinarsa.