Yadda Ake Fahimtar Kalmomin Latin a Tsofaffin Takardun Shari'ar Ingila

Ɗalibin lauya a Zariya ko Kano ba shi da makawa sai ya ci karo da kalmomin Latin, domin Najeriya ta gaji dokokin gama-gari waɗanda suke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. Haddace fassararsu kawai ba ya wadatarwa.

Da farko a duba shekarar takardar, a kuma tabbatar da harshenta. Da Latin aka rubuta Magna Carta, yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila, a 1215, kuma ko bayan dokar 1362 wadda ta ce a riƙa muhawara a kotu da Ingilishi, an ci gaba da rubuta kundin shari'a da Latin har zuwa 1733. Sai dai lauyoyin wancan zamani suna da wani irin Faransanci nasu, saboda haka wanda ya nemi voir dire, wadda kalma ce ta wannan Faransancin, a ƙamus na Latin zai wahala a banza.

Mataki na biyu shi ne ya fi kowanne muhimmanci, wato a nemo cikakkiyar jimlar da aka yanko kalmar daga cikinta. Galibin sunayen takardun umarnin sarki guntaye ne, kamar yadda almajiri kan kira izu da kalmominsa na farko. Nisi prius, alal misali, ma'anarsa "sai dai idan kafin nan", abin da shi kaɗai ba ya nuna komai. Asalin jimlar umarni ne ga sherif, wakilin sarki a gunduma, cewa ya kai mutanen da za su rantse su yanke hukunci zuwa Westminster, inda manyan kotunan sarki suke a Landan, a rana kaza, sai dai idan kafin nan alƙalan sarki sun iso gundumar. Da yake kusan kullum suna isowa, sai sunan ya koma nufin shari'ar da ake yi a gunduma. Haka ma dokar filaye ta 1290, Quia Emptores, daga kalmominta biyu na farko ta samo suna: "saboda masu saye".

Daga nan a tambaya: wa ake umarta? Habeas corpus ana aika shi ne ga wanda ke tsare da mutum, ya kawo shi gaban alƙali ya faɗi dalilin tsarewar. Fieri facias kuwa, wanda magatakarda kan taƙaita shi fi. fa., sherif ne ake umarta ya tara kuɗin bashi daga kayan wanda ake bi.

A ƙarshe a bincika ko kalmar tana da rai a kotun da ake magana a kanta. Ingila ta sauya wa certiorari (umarnin soke hukuncin ƙaramar kotu ko hukuma) da mandamus (umarnin tilasta wa hukuma yin aikinta) suna zuwa Ingilishi a 2004, amma manyan kotunan Najeriya har yanzu da tsofaffin sunayen suke aiki.