Ga 'yan tarminal masu shirin bak: darasin numfashin ƙwayar halitta

Salamu alaikum ƙannena na Damagaram. Na lura da yawanku kuna haddace wannan darasi kamar karatun allo, ranar jarrabawa kuma ya tsere muku. Ku gwada wannan: ku zana ƙwayar halitta babba a takarda, ku bi gulukos ɗaya, wato sukarin da ƙwayar ke samun ƙarfi daga gare shi, daga inda ya shiga har inda ya ƙare.

A ruwan cikin ƙwayar ake fara raba shi. Karbon 6 gare shi, sai ya koma firubat biyu masu karbon 3 kowanne, ribar ATP 2 kacal (ATP shi ne sinadarin da ke ɗauke da ƙarfin da ƙwayar ke aiki da shi), kuma ba a buƙatar oksijin. Daga nan firubat ya shige mitokondiriya, wato ɗan sashen cikin ƙwayar da ke samar mata da ƙarfi, inda zagayen Krebs, wanda Hans Krebs ya bayyana a 1937, ke fitar da iskar karbon da muke fesowa. Amma babban aikin yana jikin fatar ciki ta mitokondiriya. Can ne elektoron ke bin layi, oksijin ya karɓe su a ƙarshe, ruwa ya samu, ATP ya yi yawa. Littattafanmu kan ce jimillar ATP daga gulukos ɗaya 36 ce ko 38, sabbin bincike kuma 30 zuwa 32, don haka ku rubuta adadin da malaminku ya koyar.

Tsimuwa kuwa, wato raba gulukos ba tare da oksijin ba, ku leƙa kwaɓin fanken inna da asuba. Kumfar da ta ɗaga shi iskar karbon ce da yis ya fitar, shi ma ATP 2 kaɗai ya samu.