Yadda ake taimaka wa mai jinkirin fahimta ya zaɓa wa kansa

Ƙarshen watan Yunin 2024, da yaƙin Sudan ya iso garin Sinja, a gidanmu na Maiurno kwana biyu aka yi ana shawara: a tafi ko a zauna. Kawu ya faɗi nasa, Inna ta faɗi nata, har maƙwabci ya leƙo ta katanga ya sa baki. Autanmu kaɗai ne ba wanda ya tambaya, ba ma wanda ya gaya masa. Shekararsa 26, yana da jinkirin fahimta tun haihuwa. Da asuba aka tashe shi aka ce ya shiga mota. Mun isa Gadarif lafiya, amma ya yi kusan wata guda abinci sai da lallashi, kullum tambayarsa ɗaya: wa ke ba akuyarsa ruwa? Tafiyar dole ce, ban taɓa shakkar haka ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mun ɗauko shi kamar yadda muka ɗauko tabarmi da tukwane.

Tun daga nan na shiga gyara yadda muke yi da shi. Abin da ya yi mana aiki shi zan shimfiɗa a nan.

Kafin komai, a raba abu biyu da mutanenmu ke haɗawa. Jinkirin fahimta, wanda takardun asibiti a nan Sudan ke kira i'aƙa zihniyya, daban yake da taɓin hankali. Larura ce da ke bayyana tun ƙuruciya: mutum yana koyo, sai dai a hankali, lissafi da karatu da hango ƙarshen al'amari suna yi masa nauyi. Wani da ita aka haife shi, kamar masu larurar Dawun. Wani wahalar haihuwa ce ta jawo, ko sanƙarau, ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ƙarancin sinadarin aidin a jikin uwa lokacin goyon ciki. Kusan mutum ɗaya ne cikin ɗari, kuma mafi yawansu larurar mai sauƙi ce: suna aiki, suna zuwa kasuwa, suna sallah a jam'i. Mu kuwa da zarar an ce "ai miskini ne", shi ke nan an rufe bakinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Matakin farko: ku kasa al'amuransa kashi uku

Ku zauna, ku biyu ko uku da kuka fi saninsa, ku lissafa abubuwan da ake yanke masa a mako guda. Za ku sha mamakin yawansu. Sai ku kasa su: waɗanda nasa ne shi kaɗai, kamar sutura da abinci da wanda zai yi hira da shi, waɗanda sai da taimako, kamar kuɗi da magani da sana'a, da 'yan kaɗan da babu zaɓi a cikinsu, irin gudun yaƙi. Amfanin wannan kaso shi ne ya kawar da tambayar nan ta "yana da hankali ko ba shi da shi". Mutum yana iya kasa ƙirga canji amma ya san sarai wace ƙanwar uwa ce ke ƙaunarsa, wace ce ke yi masa dariya.

Mataki na biyu: ku fara da ƙananan abubuwa, kullum

Zaɓi abu ne da ake koyo. Wanda ya shekara ashirin ana miƙa masa riga ana cewa sa, ba zai iya ba ku amsa ranar da kuka tambaye shi batun aure ba. Ku fara da abu biyu, ku riƙe su a hannu yana gani: farar jallabiya ko shuɗiya, ful ko asida, karkade ko ruwan tsamiya. Abu biyu sun isa da fari, in ya saba a ƙara na uku. Kada ku sa cikin zaɓin abin da kun san ba za ku ba shi ba.

Mataki na uku: ku gyara yadda kuke tambaya

Nan ne aikin yake, nan kuma na fi yin kuskure. Masu wannan larura da yawa suna da ɗabi'ar amsa "e" ga duk abin da aka tambaye su, musamman idan babba ne ya yi tambayar. Masu nazarin larurar sun daɗe da lura da haka, sun kuma lura cewa idan aka jera musu abu biyu da baki, sau da yawa na ƙarshen suke maimaitawa, don shi ne ya saura a kunne. To ku haɗa wannan da tarbiyyarmu, inda yaro ba ya musu da na gaba da shi, sai ku ga "to" ɗin Auta ba ta nufin komai sai "na ji, kada ku yi fushi".

Na gane haka ne wata rana da na ce masa, "Auta, kasuwa za ka bi ni ko gida za ka zauna?" Ya ce gida. Da na sa mayafi sai na ga ya riga ni bakin ƙofa da takalmansa a hannu. Washegari na juya tambayar, na ce gida ko kasuwa, ya ce kasuwa. Tun ranar, duk abin da ke da muhimmanci sau biyu nake tambayarsa, ina sauya jerin, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya. In amsa ta zo iri ɗaya, na san tasa ce.

Ku guji tambayar da ta riga ta ɗauko amsarta, irin "ai kana son zuwa wajen Kawu, ko?" Ku yi gajeriyar magana, batu ɗaya a lokaci ɗaya. Bayan kun tambaya ku yi shiru, ku ƙirga goma a zuci, ko ma ashirin. Shirun zai yi muku tsawo, za ku ji kamar ku amsa masa, ku daure. Abin da za a iya nunawa a nuna: hoto a waya, ko a kai shi wurin ya gani da idonsa, gani ai ya kori ji. Da muke neman inda zai riƙa taya aiki a Gadarif, wurin mai agashe (gasasshen nama irin tsire) da wurin mai kayan miya duk sai da ya wuni a kowanne kafin na tambaye shi.

Ku lura da wanda ke tambayar da kuma inda ake yin ta. A gaban Kawu, Auta ba ya cewa a'a ko da wuta aka miƙa masa. Ni yake gaya wa, da yamma, muna shan shayi. Wanda ba ya magana kuwa yana da tasa a'a: kau da kai, ture kwano, ƙanƙame ƙofa. Inna ta san waɗannan alamu tun yana goye. Ku sa mai irin wannan sani ya faɗa wa sauran 'yan gida, a rubuta in da hali, don ranar da ba ya nan.

Mataki na huɗu: in ya zaɓa, ku bar masa

Ko da jar hula ya ɗora kan koriyar riga. Ko da ya kashe kuɗin shayinsa a kan alewa ya dawo yana zumɓura baki. Ƙaramar asara makaranta ce, mu ma a cikinta muka koya. In kuna tambayarsa sannan ku yi abin da kuka ga dama, zai gane da wuri, zai koma "duk yadda kuka ce".

Mataki na biyar: kuɗi

Mutanenmu sukan kawo aya ta 5 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana a miƙa wa wawaye dukiya, su tsaya nan. Ayar da kanta ta ce a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a yi musu magana mai kyau. Ayar da ke biye da ita kuma, a kan marayu, ta ce a riƙa jarraba su har a ga shiriyarsu. Akwai kuma sahabin nan da ake yawan cutarsa a ciniki, danginsa suka roƙi Annabi (SAW) ya hana shi saye da sayarwa. Mutumin ya ce ba zai iya haƙura da kasuwa ba, sai aka koya masa ya riƙa cewa "la khilaba", wato ban da yaudara. An bar shi a kasuwarsa, an ba shi kariya.

Haka za ku yi. Ku ware masa abin kashewa na yini wanda ko ya ɓata ba za a yi kuka ba. Ku yi magana da mai kanti ɗaya ko biyu da kuka amince da su, a yi yarjejeniya cewa babban ciniki ana iya mayar da shi. Yanzu da kusan komai ya koma Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kada lambar sirrinsa ta zagaye gida. Mutum ɗaya ya riƙe, kuma duk abin da za a tura a nuna masa a faɗa masa na mene ne. Gadonsa da duk tallafin da aka karɓa da sunansa a rubuta su a littafi, wani na biyu ya riƙa dubawa. Na faɗi haka ne don na ga gidajen da aka cinye rabon mai larura da sunan riƙo, masu cin kuwa 'yan uwa ne na jini.

Mataki na shida: asibiti da aure

A asibiti, likita zai juyo gare ku ya yi ta bayani kamar mai ciwon ba ya ɗakin. Ku ce masa da ladabi, "Likita, ga shi nan, yi masa bayani, ni zan taimaka." Kafin ranar ku gaya masa abin da za a yi, har da cewa allura tana da zafi. In kun yi masa ƙarya sau ɗaya, zuwa na gaba sai an ɗaure shi.

Aure kuwa ta fuska biyu ake zaluntarsu: wata a aurar da ita ga wanda ba ta sani ba don a rage nauyi, wani a hana shi har abada ba tare da an taɓa jin ta bakinsa ba. Waliyyi ya bincika a natse, cikin zama da yawa: ya san mene ne aure, ya san wace ce, yana so? 'Ya mace musamman a koya mata cewa jikinta nata ne, tana da ikon cewa a'a ko ga babba, kuma ta san wanda za ta gaya wa. A cunkoson makarantun da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, yarinyar da aka saba mata da "to" ga kowa ita ce mugu ke fara nema.

Doka ma tana wannan ɓangare. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, wadda Sudan ta amince da ita a 2009, ta ce a sashe na 12 mai nakasa yana da cikakken matsayi a gaban doka, kuma a ba shi taimakon da yake buƙata don ya yi amfani da shi. Sudan tana da tata dokar masu nakasa ta 2017. Ba na ruɗin kaina cewa takarda za ta shigo tsakar gidanmu a wannan hali, amma tana da amfani ranar da wani ma'aikaci ya ce ku sa hannu a madadinsa ba tare da an ko kalle shi ba.

Mataki na ƙarshe: in babu zaɓi, a gaya masa, a nemo ɗan zaɓin da ke ciki

Da mun zaunar da Auta a daren nan mun ce masa akwai faɗa, gobe za mu tafi, da ya zaɓi wanda zai bar wa akuyarsa, da abin da zai sa a jakarsa, da wanda zai zauna kusa da shi a mota. Minti goma ne. Anas ya ruwaito cewa wata mata mai larura a hankalinta ta ce wa Annabi (SAW) tana da buƙata, ya ce mata ta dubi hanyar da take so ya same ta a can ya biya mata. Ko wurin tsayuwar ita aka bar wa.

Da hanya ta buɗe aka fara maganar komawa, a tabarmar shawara muka zaunar da shi kusa da Kawu. Na riga na tambaye shi sau biyu a keɓe, don haka na san amsarsa, amma na bari ya faɗa da bakinsa. Ya daɗe yana murza hularsa, Kawu har ya buɗe baki, Inna ta ɗaga masa hannu. Can ya ce, "Yaya, mu je gida. Amma sai na sallami mai agashe."